Wane Lissafi Ɗalibi Zai Karanta Kafin Digiri na Uku a Fannin Tattalin Arziki? Misali daga Kuseri da Arewacin Kamaru

Gabatarwa

Wannan takarda tana bayani ne a kan wata tambaya da masu sha'awar ilimin tattalin arziki kan yi, wato wane irin lissafi ya kamata mutum ya karanta tun yana digiri na farko idan yana da niyyar kaiwa ga digiri na uku. Mun ɗauki misalinmu daga Kuseri, garin da ke ƙuryar arewacin Kamaru a bakin kogin Logon, daura da Njamena, babban birnin Cadi. Dalilin zaɓen wannan wuri shi ne, yawancin shawarwarin da ake bayarwa a kan wannan batu an tsara su ne don ɗaliban Amurka, waɗanda ke da damar tsintar kwasa-kwasai daga sassa daban-daban na jami'a kamar mai cefane a kasuwa. Ɗan Kuseri ba shi da wannan dama. Shi hanya guda yake kamawa da duk abin da ke cikinta, kuma tun yana ɗan shekara 15 ko 16 ake sa shi ya fara zaɓe.

Me ya kawo lissafi cikin tattalin arziki?

Mutane da yawa sun ɗauka karatun tattalin arziki bai wuce sanin harkar kuɗi da banki da haraji ba. A matakin digiri na farko akwai ƙamshin gaskiya a wannan zato, domin ana koyar da abubuwa da yawa da baki da kuma zane a allo. Amma a digiri na uku labari yana shan bamban. A jami'o'in Amurka da Kanada, shekarar farko ta ƙunshi darussa uku: nazarin yadda mutum ɗaya ko kamfani ɗaya ke yanke shawara, nazarin tattalin arzikin ƙasa baki ɗaya, da kuma awon tattalin arziki da alƙaluma, wanda ake kira ikonometiri. Duk ukun da harshen lissafi ake koyar da su. Jami'o'i da dama kan tara sababbin ɗalibai na 'yan makonni kafin a buɗe makaranta don a yi musu bitar lissafi, amma bita ce kawai. Wanda bai taɓa ganin abin ba, 'yan makonni ba za su ishe shi ba.

Wannan al'ada ta daɗe, kuma Faransawa na da hannu sosai a cikinta. Augustin Cournot, wanda ya yi nazarin gasa tsakanin 'yan kasuwa biyu a 1838, malamin lissafi ne. Léon Walras, wanda ya rubuta tsarin daidaituwar dukkan kasuwanni a 1874, sau biyu yana faɗuwa jarrabawar shiga makarantar Politeknik ta Paris, abin da zai iya kwantar wa wasu ɗalibai da hankali. Gérard Debreu kuwa lissafi zalla ya karanta kafin ya juya ga tattalin arziki, ya kuma sami kyautar Nobel a 1983. Tun daga tsakiyar ƙarni na 20, duk wanda zai karanta manyan mujallun wannan fanni sai ya iya bin hujjar lissafi layi bayan layi.

Kalkulas da aljabarar jadawali

Tubali na farko shi ne kalkulas, wato lissafin da ke auna yadda wani abu ke canzawa idan an ɗan taɓa wani. Mu ƙaddara wani ɗan kasuwa a Kuseri yana da jarin sefa 500,000, yana sayen shinkafa da sukari ya ƙetara da su gadar Ngeli zuwa Njamena. Buhun shinkafa na farko yana ba shi riba mai kyau, amma kafin ya kai na ashirin masu saye sun ragu, dole ya sassauta farashi. Haka ma sukari. To yaya zai raba jarinsa? Amsar ita ce, ya ci gaba da cire kuɗi daga wannan yana sa wa wancan har sai sefa ta ƙarshe da ya zuba a shinkafa ta ba shi riba daidai da sefa ta ƙarshe da ya zuba a sukari. Tsohon ɗan kasuwa ya san haka ba tare da alli ba. Abin da kalkulas ya ƙara shi ne hanyar warware matsalar ko da kayan sun kai iri hamsin. Ana kiran wannan hanya da sunan Lagrange, kuma tana fitar da wata lamba mai amfani ƙwarai: ribar da mutumin zai samu da za a ƙara masa sefa ɗaya a jarinsa. Da wannan lamba zai san ko cin bashi zai amfane shi ko a'a. Ɗalibi yana bukatar kalkulas har zuwa matakin da abubuwa masu canzawa suka fi ɗaya, domin babu wata matsalar tattalin arziki da ta tsaya a kan abu guda.

Tubali na biyu shi ne aljabarar jadawali, wadda ke aiki da lambobi da aka jera layi-layi a tsaye da a kwance. Harkar auduga a Garwa ta isa misali. Kamfanin Sodecoton, wanda aka kafa a 1974 kuma hedkwatarsa ke Garwa, yana sayen auduga daga manoma, a gurje ta, a matse mai daga angurya, abin da ya rage kuma a yi abincin shanu, shanun su koma su yi wa manomin huɗa. Kowane sashe yana ci daga wani, yana kuma ciyar da wani. Idan aka rubuta wannan dangantaka a jadawali, za a iya lissafa abin da zai sami kowane sashe idan farashin taki ya tashi. Wassily Leontief ya sami kyautar Nobel a 1973 saboda irin wannan aiki. Bayan haka, kusan duk ƙa'idojin ikonometiri da harshen jadawali aka rubuta su. Wanda bai ƙware a nan ba zai iya danna kwamfuta ta ba shi amsa, amma ranar da ta ƙi, ba zai san dalili ba.

Darasin hujja

Idan aka tambayi malaman da ke tantance masu neman digiri na uku a Amurka wane kwas suka fi dubawa a takardar sakamako, da yawansu za su ambaci wanda Faransawa ke kira analyse. Mu a nan za mu kira shi analiz. Kalkulas yana koya wa mutum yadda ake yin lissafi. Analiz kuwa yana komawa baya ya tambaya: me ya tabbatar cewa wannan hanya daidai take, kuma a wane hali take rushewa? A wannan darasi ba a cika neman lamba a matsayin amsa ba. Abin da ake nema shi ne hujja, a rubuce, mataki bayan mataki, ba tare da tsallake ko ɗaya ba.

Ga ɗan misali da mai karatu zai iya gwadawa da kansa. A ce maka ka zaɓi lamba mafi girma wadda ba ta kai 1 ba. Idan ka ce 0.9, wani zai ce 0.99. Idan ka ce 0.999, akwai 0.9999. Ashe tambayar ba ta da amsa ko kaɗan. Amma da an ce lambar kada ta wuce 1, da nan take ka ce 1. Bambancin kalma ɗaya ya raba tambaya mai amsa da marar amsa. Masanin tattalin arziki kullum cewa yake yi mai saye yana zaɓen abin da ya fi masa, kamfani yana neman riba mafi yawa. Kafin ya faɗi haka, wajibi ne ya tabbatar cewa wannan "mafi" ɗin akwai shi. Ƙa'idar Weierstrass ce ke ba da sharuɗɗan da ke tabbatar da hakan, kuma a darasin analiz ake koyon ta.

Misali na biyu ya fi kusa da kasuwa. Idan buhun gero ya yi arha ƙwarai a kasuwar Kuseri, masu saye za su fi kayan yawa. Idan ya yi tsada ƙwarai, kaya za su yi kwantai. Hankali na cewa lallai akwai wani farashi a tsakani inda saye da sayarwa za su daidaita, kamar yadda mai ƙetare kogi daga wannan gaɓa zuwa waccan dole ya bi ta tsakiyar ruwa. Wannan gaskiya ne, amma da sharaɗin cewa bukatar mutane tana canzawa a hankali, ba ta yin tsalle. To idan kayan sun kai dubu, kuma farashin gero yana taɓa bukatar masara, na masara yana taɓa na kaji, shin har yanzu akwai jerin farashin da zai daidaita dukkan kasuwanni a lokaci guda? Walras ya yi imani akwai, amma bai kawo cikakkiyar hujja ba. Sai a 1954 Kenneth Arrow da Debreu suka tabbatar da shi, haka ma Lionel McKenzie a nasa ɓangaren, ta hanyar wasu ƙa'idoji na reshen lissafi da ake kira topoloji. Shekara 80 ke nan tsakanin tambaya da amsa. Ɗalibin digiri na uku kuwa a zangonsa na farko ake sa ran ya fahimci wannan hujja.

Akwai dalili na biyu da ya sa ake duba wannan kwas, kuma a ganina ya fi na farko ƙarfi. Yawancin masu digiri na uku ba za su sake tabbatar da irin waɗannan ƙa'idoji ba bayan sun gama shekarar farko. Amma sakamako mai kyau a analiz shaida ce cewa mutum zai iya zama da matsala guda kwana uku bai gudu ba, kuma ya san bambancin abin da ya tabbatar da abin da yake zato. Malamin da ke Amurka bai san Marwa ba, bai san malamanta ba, amma ya san abin da analiz ke nufi a ko'ina.

Yiwuwa, ƙididdiga da lissafin lokaci

Mafi yawan 'yan Afirka da ke yin digiri na uku a wannan fanni da alƙaluma suke aiki, saboda haka ilimin yiwuwa da na ƙididdiga su ne abincinsu na kullum. Hukumar ƙididdiga ta Kamaru tana gudanar da binciken rayuwar magidanta da ake kira ECAM, wanda aka fara a 1996. Binciken 2014 ya nuna cewa kashi 37.5 cikin ɗari na 'yan ƙasar suna cikin talauci, amma a yankin Arewa Mai Nisa, inda Kuseri take, adadin ya kai kusan kashi 74. Ba kowane gida aka shiga ba, wasu aka zaɓa. Yaya aka zaɓe su, kuma wane irin kuskure ke iya shiga cikin adadin? Ilimin yiwuwa ne ke amsa wannan. Haka kuma idan aka ga manoman da suka sa taki da yawa sun fi samun auduga, ba za a yi saurin cewa takin ne kaɗai ya yi aiki ba, domin mai yiwuwa masu halin sayen taki su ne kuma masu gonaki masu kyau da shanun huɗa. Raba waɗannan dalilai shi ne babban aikin ikonometiri. A lura, kwas ɗin da ake bukata shi ne wanda aka gina a kan kalkulas, ba na koyon zana jadawali da fitar da matsakaici kawai ba.

Sai kuma lissafin shawarar da ke da nasaba da lokaci. Makiyayi a fadamar Logon yana tunanin shanu nawa zai sayar bana, nawa zai bari su hayayyafa, alhali bai san yadda damina mai zuwa za ta kasance ba. Richard Bellman ya tsara hanyar warware irin wannan matsala a shekarun 1950, kuma a kanta aka gina yawancin nazarin tattalin arzikin ƙasa na zamani. Galibi a digiri na uku ake koyar da ita, kuma wanda ya riƙe analiz da yiwuwa ba zai sha wahala ba. Topoloji da nazarin awo mai zurfi suna da amfani ga mai son zama masanin ƙa'idoji zalla. Sauran rassa kamar nazarin lambobi da aljabara mai zurfi ba dole ba ne.

Hanyoyin da ke gaban ɗan Kuseri

A tsarin makarantun Faransanci na Kamaru, bayan jarrabawar BEPC yaro kan shiga ɓangaren adabi, wato A, ko na kimiyya. Daga baya ɓangaren kimiyya ya rabu zuwa C, mai nauyin lissafi da fiziks, da D, mai nauyin ilimin halittu. Nan ne mararraba ta farko, kuma sau da yawa iyaye ba su san girmanta ba. Mai bakaloriya C kusan duk ƙofofin da za mu ambata a buɗe suke gare shi. Mai D zai iya bi da ƙarin ƙoƙari. Mai A zai iya karanta tattalin arziki, amma zai ɗauki bashin lissafi mai nauyi wanda sai ya biya daga baya.

Mararraba ta biyu ita ce jami'a. Jami'ar da ta fi kusa da Kuseri a zahiri ita ce ta Njamena, a ƙetaren kogi. A cikin Kamaru kuwa akwai ta Marwa, da aka kafa a 2008, da ta Ngaundere, wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 1993, sai ta Garwa da aka kafa a 2022. A Marwa da Ngaundere akwai tsangayar kimiyya mai sashen lissafi, akwai kuma tsangayar tattalin arziki da gudanarwa. Ana bin tsarin matakai uku ne: lisans shekara uku, masta shekara biyu, sannan doktora. Ɗalibi yana rajista a tsangaya ɗaya, ya ɗauki darussan da aka tsara wa ajinsu. Ba kasafai ɗan tattalin arziki zai je sashen lissafi ya ɗauki kwas guda a rubuta masa a sakamakonsa ba.

Wanda ya shiga sashen lissafi zai haɗu da analiz da aljabarar jadawali tun shekarar farko, da hujjojinsu, sannan topoloji da nazarin awo da yiwuwa kafin ya gama lisans. Wato zai fito da abin da ya fi wanda kwamitocin Amurka ke nema. Farashin da zai biya shi ne, zai karanta wasu darussan da ba zai yi amfani da su ba, samun maki mai yawa yana da wuya, kuma zai gama bai san komai na tattalin arziki ba. Wanda ya shiga tsangayar tattalin arziki zai koyi tambayoyin fannin tun da wuri, zai kuma yi lissafi da ƙididdiga, sai dai an fi mai da hankali ga yadda ake aiki da ƙa'ida fiye da tabbatar da ita. Idan wannan hanya ya bi, to ya zaɓi reshen da ya fi lissafi da ikonometiri a duk lokacin da aka ba shi zaɓi, ya kuma riƙa zama a ajin analiz na sashen lissafi ko da ba za a ba shi maki ba. A nawa ra'ayi, ga mai bakaloriya C da ke jin daɗin lissafi, hanya ta farko ta fi, domin koyon tattalin arziki bayan lissafi ya fi sauƙi a kan koyon hujja bayan mutum ya kai shekara 25 yana da wasu ɗawainiyoyi.

Abin farin ciki, akwai gadoji tsakanin hanyoyin biyu. Babba a cikinsu ita ce ISSEA da ke Yawunde, makarantar ƙididdiga da tattalin arziki ta ƙasashen CEMAC. Ana shiga ɓangarenta na injiniyoyin ƙididdiga da tattalin arziki ta jarrabawar gasa da take yi tare da takwarorinta na Abijan da Dakar, kuma jarrabawar tana da ƙofa biyu, ɗaya ta masu lissafi, ɗaya ta masu tattalin arziki. A ciki ake cike wa kowa giɓinsa. Akwai cibiyar lissafi ta AIMS a Limbe, da aka buɗe a 2013, mai ba da masta na shekara guda da Turanci tare da ɗaukar nauyin ɗalibi. Jami'ar Yawunde ta Biyu da ke Soa tana cikin shirin digiri na uku na haɗin gwiwa da cibiyar AERC ta Nairobi ke tallafawa. A Jamhuriyar Benin kuma akwai Makarantar Tattalin Arziki ta Afirka da Léonard Wantchékon ya buɗe a 2014, wadda ke da masta da ya haɗa lissafi da tattalin arziki da ƙididdiga don shirya ɗalibai zuwa digiri na uku. Shi kansa Wantchékon da lissafi ya fara a jami'ar ƙasarsu, aka ɗaure shi saboda gwagwarmayar ɗalibai, ya tsere daga kurkuku a 1986, ya sami digiri na uku a Jami'ar Northwestern a 1995, daga baya ya zama farfesa a Princeton.

Kada a ɗauka lissafi kaɗai ne mabuɗi. Esther Duflo, wadda ta sami kyautar Nobel a 2019 saboda bincike a kan talauci, tarihi da tattalin arziki ta karanta a Paris. A Faransa ma, inda doktora ke biyo bayan masta na bincike, cibiya irin ta CERDI a Clermont-Ferrand ta fi karkata ga aiki da alƙaluman ƙasashe masu tasowa, yayin da makarantar Tulus ta shahara da ƙa'idoji masu zurfin lissafi. Saboda haka yawan lissafin da mutum ke bukata ya danganta da inda ya dosa. Kuma a ko'ina ne sai ya iya Turanci, ya iya aiki da manhaja irin su Stata ko R ko Python.

Matsalar suna da maki

Akwai wani cikas da ya shafi harshe kai tsaye. A Amurka kalkulas da analiz kwasa-kwasai ne daban, na biyun sai an yi nisa ake ɗaukar sa. A tsarin Faransanci kuwa kalma ɗaya, analyse, ta rufe duka biyun, tun daga ajin farko na sashen lissafi. Idan mai fassara takardar sakamako ya mai da "Analyse 1" ya zama kalkulas na farko, ya rage wa ɗalibin daraja ba da saninsa ba. A ɗaya ɓangaren kuma, kwas mai suna lissafi don masu tattalin arziki bai faɗa wa kowa abin da ke cikinsa ba. Dabarar ita ce ɗalibi ya adana manhajar kowane kwas tun yana aji, ya haɗa takarda guda mai nuna sunan kwas, batutuwan da aka yi, littafin da aka bi, da makin da ya samu. Jami'o'i da dama ma da kansu suke neman irin wannan takarda.

Maki ma haka yake. A Kamaru a kan 20 ake ba da shi, kuma 14 sakamako ne mai kyau, 16 kuwa ba kowa ke ganin sa ba, musamman a sashen lissafi. Ba'amurke da ya raba 14 da 20 zai ga kashi 70 cikin ɗari, wanda a wurinsu matsakaici ne. Don haka ya kamata malamin da zai rubuta wa ɗalibi takardar shaida ya faɗi matsayinsa a aji, misali na uku cikin 120, ya kuma bayyana abin da 14 ke nufi a wannan sashe. Wannan ne ma ya sa maki mai kyau a analiz da aljabarar jadawali da yiwuwa ya fi amfani a kan tarin kwasa-kwasai masu manyan sunaye da aka tsallake da kyar. Jarrabawar GRE da jami'o'in Amurka da yawa ke nema ba ta wuce lissafin sakandare ba, amma da Turanci ake yin ta, lokaci kuma a ƙayyade yake. Makinta mafi girma a ɓangaren lissafi shi ne 170, kuma masu neman tattalin arziki ana sa ran su zo kusa da shi, saboda haka mai lisans a lissafi ma sai ya zauna ya koyi sunayen abubuwan da ya sani da Faransanci a cikin Turanci kafin ya shiga ɗakin jarrabawa.